Mai Ƙorafi da Mai Shiru

A ƙarƙashin mafitsarar kowane ɗa namiji akwai wani ɗan ƙullutun nama. Girmansa a jikin saurayi bai wuce matsakaicin goro ba, nauyinsa kimanin giram 20, kuma kamar goron yana da ɓari biyu da ɗan tsagi a tsakaninsu. Likitoci na kiransa furostet. Yawancin maza sukan shekara 50 suna yawo da shi ba su san da zamansa ba, don ba ya bugawa, ba ya motsi, ba ya kukan yunwa. Aikinsa shi ne haɗa wani ruwa fari-fari da ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na maniyyi, ruwan da ke taimaka wa ƙwayoyin haihuwa su yi tafiyar da aka halicce su dominta. Duk zuriyar da mutum ya bari a bayan ƙasa, da hannun wannan ɗan nama a ciki.

Inda aka ajiye shi ma abin kallo ne. Bututun da ke fitar da fitsari bai bi ta gefensa ba, ta tsakiyarsa ya ratsa. Daga sama mafitsara ta zauna masa a ka. Daga baya ya jingina da bangon hanjin da ke ƙarewa a dubura, ba komai tsakaninsu sai ɗan siririn nama. A gefensa biyu wasu jijiyoyi sirara ƙwarai sun manne masa, su ne ke kai saƙon da gaban namiji ke miƙewa da shi. A ƙasansa kuma ga tsokar da ke riƙe fitsari kada ya zubo sai an ba shi izini. Wuri ɗan ƙanƙane, amma tsarki da aure da haihuwa duk a nan suka yi mahaɗa. Ba mamaki maganarsa take da nauyi a bakin maza.

Tsufa yakan rage wa mutum kusan komai. Tsoka ta zube, ƙashi ya rage ƙwari, gani ya ja da baya, haƙori ya faɗi. Furostet shi kam ƙaruwa yake yi. Daga wajen shekara 40 yake farawa, a hankali, ba ya fasawa. Kimanin rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 da 60 nasu ya kumbura, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa abin yakan kai 9 cikin 10. Wannan kumburi ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya koma daji. Amma tunda hanyar fitsari ta cikinsa ta bi, in ya kumbura sai ya matse ta.

Wanda ya saba zuwa sallar asuba da wuri ya san alamar ko da bai san sunanta ba. Dattijo ne zai ɗauki buta ya kewaya. Ya tsuguna, ya jira. Fitsarin da ya tashe shi daga barci da gaggawa yanzu ya ƙi zuwa. Can ya fito siriri, ya yanke, ya sake zuwa, ya ƙare da ɗigo. Ya yi tsarki, ya miƙe, ya ɗaure wando, bai kai ƙofar masallaci ba ya ji ɗumi a cinya. Ya koma. An tayar da iƙama shi bai gama alwala ta biyu ba. Da dare kuwa tashi yake ta yi, har uwargida ta daina tambayar ko lafiya. In tafiya ta kama shi tun daga gida yake ƙin shan ruwa, a tasha kuma ya nemi kujerar bakin ƙofa, don ya san zai roƙi direba ya tsaya. Wasu sukan tambayi malam hukuncin mai yoyon fitsari tun kafin su tambayi likita dalilinsa. Wata rana abin ya yi tsanani, fitsari ya toshe gaba ɗaya, mara ta kumbura, a kwashi mutum cikin dare zuwa asibiti a sa masa roba.

Wahala ce ta gaske, kuma in aka yi sakaci da ita takan taɓa ƙoda. Amma tana da magani: akwai ƙwayoyin da ke sassauta matsewar, akwai masu rage kumburin, akwai aikin da ake shiga ta bututun a kankare naman da ya tare hanya. Mai wannan lalura yakan ji tsoro cewa daji ne ya kama shi, alhali galibi ba shi ba ne. Wanda dajin ya kama kuwa sau da yawa yana nan yana fitsarinsa lafiya lau, yana barci har asuba.

Dalilin wannan juyi wani likita ɗan Amurka mai binciken naman jiki, John McNeal, ya fayyace shi a aikin da ya fara bugawa a 1968 ya ci gaba da shi har cikin shekarun 1980. Ya yanka furostet masu yawa yana dubawa, ya nuna cewa abin da ake ɗauka nama guda ne ashe shiyya-shiyya ne. Akwai wata ƙaramar shiyya da ta rungume bututun fitsari, wadda a jikin saurayi ba ta wuce kashi 5 cikin 100 na ƙullutun ba. Daga ita kumburin tsufa ke tasowa. Sannan akwai babbar shiyya ta waje, wadda ta kewaye baya da gefe, nesa da bututun. A nan kimanin 7 cikin kowane 10 na ciwon dajin furostet ke tsirowa. Na bakin hanya da zarar ya ƙaru ɗan kaɗan kowa ya ji, don ya tare mashiga. Na gefe kuwa yana iya shekaru yana girma bai taɓa bututun ba, saboda haka ba ya hana fitsari, ba ya ciwo, ba ya jini, ba ya tayar da kowa daga barci.

Da za a ɗaga ido daga mara a dubi tsakar gida, ba za a rasa irin wannan tsari ba. Kowane gida akwai na bakin hanya: matar da in ranta ya ɓaci sai an ji a zaure, yaron da ke birgima a ƙasa don an hana shi abu, ƙanen da ke sallama kullum da buƙata. Maigida na ƙorafi da su, amma su yake biya wa buƙata, don sun tare masa hanyar shiga da fita. Akwai kuma na gefe. Wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba, in an tambaye ta ta ce ba komai. Ɗan da ke shiga ɗakinsa ya rufe, ana yabonsa da cewa ba ruwansa. Shirunsu ake ɗauka a matsayin lafiya, kuma sau da yawa lafiyar ce. Amma kunnen da ya saba jiran kuka kafin ya saurara ba shi da hanyar rarrabe shirun gamsuwa da shirun abin da ke cin rai. Haka shugaba yake da jama'arsa. Waɗanda ke kusa da fada ko gidan gwamnati, masu iya tare titi ko shiga rediyo, su ake yi wa aiki. Ƙauyen da ke ƙarshen iyaka ba a jin ɗuriyarsa, a rubuta a rahoto cewa can lafiya ƙalau, har ranar da labarinsa zai iso ta wata fuskar da ba a zata ba.

Shi ma dajin furostet in ya tashi magana ba daga inda yake zaune yake yinta ba. A 1940 wani masanin ƙirar jiki, Oscar Batson, ya bayyana wasu jijiyoyin jini da suka haɗa ƙugu da ƙashin baya, waɗanda ba su da 'yan marufan da ke tilasta wa jini bin fuska ɗaya. Ana ganin ta irin wannan hanya ƙwayoyin dajin ke samun sauƙin haurawa su sauka a ƙashin baya da na kwatangwalo. Sai mutum ya fara ciwon baya wanda ba ya sauka ko ya kwanta, ya fi tsanani da dare. Ya rame, jini ya yi masa ƙaranci. A ce sanyi ne, a ce basir ne, a ce aikin gona ne na ƙuruciya ya dawo karɓar bashinsa. A shafa man zafi, a yi ƙaho, a sha jiƙo. In dajin ya danne laka sai ƙafafu su mutu, fitsari da bayan gida su ƙwace, a nan kuma wasu su fara neman wanda ya yi masa jifa. Ana ta jinyar baya, tushen abin yana can ƙasa inda bai taɓa ciwo ba.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kauce masa a nan. A rediyo akan ji an ce kansar mafitsara alhali furostet ake nufi. Mafitsara ita kanta tana da nata dajin dabam, wanda a ƙasashenmu yakan biyo bayan tsohuwar tsargiya, kuma shi fitsarin jini ne babbar alamarsa.

To, yaya ake jin ta bakin wanda ba ya magana? A nan tsarin halitta ya zo da wani abin mamaki. Shiyyar nan ta waje, mai shiru, ita ce ta jingina da bangon dubura, wato ita ce yatsan likita ke iya kai wa. Likita ya sa safar hannu, ya shafa mai, majinyaci ya kwanta a gefe ya naɗe gwiwa, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Lafiyayyen furostet sumul yake, mai ɗan taushi, ana jin tsagin tsakiyarsa. In kumburin tsufa ne, a ji shi babba amma sumul. In aka ji tauri, ko gudaji, ko tsagin ya ɓace, sai a ƙara bincike. Gefen da ba ya kai ƙara an ajiye shi daidai inda za a iya taɓa shi, sai dai ƙofar da ake bi ita ce wadda namiji ya fi jin kunyarta. Da yawa a nan suke tsayawa. Mutumin da bai ji tsoron fataken dare ba, bai ji tsoron kotu ba, sai a ga ya naɗe tabarmarsa ya bar asibiti saboda minti ɗaya na jin nauyi. Labarin da mutum ya fi buƙata game da kansa ba kasafai yake shigowa ta zaure da sallama ba. Yakan zo ta bakin ƙaramin da ake raina, ko abokin hamayya, ko matar da aka saba cewa ta yi shiru, sai a ƙi saƙon saboda ƙin hanyar da ya biyo.

Yatsa ba ya gano komai da komai, don haka ake haɗa shi da gwajin jini, wanda a yau shi ne kan gaba. Furostet na yin wani sinadari da ake kira PSA, aikinsa tsinka maniyyi bayan ya fita don ƙwayoyin haihuwa su samu sakewa. Wurinsa cikin maniyyi ne, amma ɗan kaɗan yakan zurara cikin jini. In wani abu ya dagula tsarin ƙullutun, abin da ke zurarowa sai ya ƙaru. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin a 1986 don bibiyar masu ciwon, sannan a 1994 don neman sa a jikin waɗanda ba su nuna alama ba. An daɗe ana ɗaukar lamba 4 a matsayin iyaka. Sai dai gwajin ɗan rahoto ne mai yawan kawo magana. Kumburin tsufa na ɗaga shi, ciwon sanyi a hanyar fitsari na ɗaga shi, sa roba na ɗaga shi, kusantar iyali cikin kwana biyu kafin gwaji ko doguwar tafiya a kan keke ma suna iya ɗaga shi. Kimanin 3 cikin 4 na mazan da lambarsu ta hau ba a samun daji in aka bincika. A ɗaya gefen kuma, kimanin 1 cikin 7 na masu dajin lambarsu ba ta hau ba. Wanda ke shan ƙwayar rage kumburi irin finasteride ya kamata ya gaya wa likita, don takan rage lambar da kusan rabi, ta ɓoye abin da ake nema.

Likitan kirki ba ya yanke hukunci da wannan lamba. Yakan sake gwaji bayan wasu makonni, ya dubi shekarun mutum, ya duba ko lambar hawa take yi ko tsaye take. In akwai hali a ɗauki hoton MRI. In shakka ta tsaya, sai a sa siririyar allura a tsinko 'yan ƙananan nama daga wurare dabam-dabam na ƙullutun, galibi wajen 12, a kai ɗakin bincike. A nan wata tsohuwar magana takan tare hanya, cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Ana iya gane inda maganar ta samo asali: mutanen da aka kai asibiti bayan ciwo ya riga ya gama jiki, aka taɓa su, suka rasu, sai aka ɗora wa ƙarfen laifin jinkirin. Allurar gwaji ba ita ke yaɗa dajin furostet ba. Abin da aka fi tsoro daga gare ta shi ne ɗan jini da shigar ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake haɗa ta da magani.

Abin da mai bincike ke nema a ƙarƙashin madubinsa ya cancanci a tsaya a kansa. A 1966 wani likita mai suna Donald Gleason, da ke aiki a asibitin tsofaffin sojoji a Minneapolis ta Amurka, ya fito da ma'aunin da har yau duniya ke amfani da shi. Kafin shi an fi zura ido ga kamannin ƙwayar halitta guda, a ga ko ta yi muni. Shi sai ya rage ƙarfin madubi, ya ja da baya, ya dubi yadda ƙwayoyin suke zaune da junansu. A lafiyayyen furostet ƙwayoyin kan jeru su yi 'yan da'irori, kowace da fili a tsakiyarta inda ruwa ke taruwa, kowace da iyakarta, da tazara tsakaninta da maƙwabciyarta. In daji ya shigo da sauƙi, da'irorin suna nan, sun dai ƙanƙance sun cunkushe. In ya ƙara ƙarfi sai su fara narkewa cikin juna, iyaka ta ɓace. A mataki na ƙarshe babu da'ira ko ɗaya, sai tarin ƙwayoyi barkatai, ko ɗaiɗaiku suna kutsawa cikin naman da ba nasu ba. Gleason ya zana waɗannan siffofi da hannunsa, ya ba su lamba 1 zuwa 5. Akan ɗauki siffa biyu daga naman a haɗa lambobinsu, a yau sakamakon kan faɗo tsakanin 6 da 10. Mai 6 da wuya ya bar inda yake. Mai 9 ko 10 ba ya jira. Ko 7 ma iri biyu ne, 3 da 4 ya fi 4 da 3 sauƙi, don lambar farko ita ce siffar da ta fi yawa. Lokacin da aka sanar a watan Mayun 2025 cewa tsohon shugaban Amurka Joe Biden na da ciwon, lambar da aka faɗa 9 ce, kuma ya riga ya kai ƙashi.

Ashe haɗarin ƙwaya ba a fuskarta ake karanta shi ba, a zamanta da 'yan'uwanta ne. Tana tsayawa a sahu? Ta san inda iyakarta ta ƙare? Ta bar fili a tsakiya don aikin da aka tara su dominsa? Masu neman aure na da can sun san wannan ma'auni ba tare da madubi ba. Ba sa tsayawa ga kyan saurayi ko iya gaisuwarsa. Sukan aika a tambayo yadda yake da maƙwabta, yadda yake da abokan sana'a, ko yana cin iyakar gona, ko in an yi rabo yana barin na wani. Mutum shi kaɗai a gabanka yana iya yin kama da kowa. Sai an ja da baya an gan shi cikin jama'a ake sanin lambarsa.

Daga nan kuma darasin ya juya, don kada wanda ya gano cewa shiru na iya ɓoye sharri ya ɗauki wuƙa ya bi kowane mai shiru. Binciken gawarwakin mazan da wani abu dabam ya kashe ya nuna cewa da yawansu suna ɗauke da ɗan dajin furostet ba su sani ba, a cikin waɗanda suka kai 80 ma abin ya kai rabi ko fiye. Sun rayu da shi, sun mutu da shi, bai taɓa yi musu komai ba. Magani kuwa yana da nasa farashi. Cire furostet aiki ne a wurin da jijiyoyin mazantaka da tsokar riƙe fitsari suke manne, kuma ko bayan da Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins ya fito da dabarar kauce wa jijiyoyin a 1982, maza da yawa kan fito da rauni a shimfiɗa, wasu da yoyon fitsari. Gashi da na'ura shi ma yakan taɓa hanji da mafitsara da ƙarfin namiji. A Birtaniya an yi wani babban bincike mai suna ProtecT, inda aka raba maza 1,643 masu dajin da bai fita daga furostet ba gida uku: wasu aka yi musu tiyata, wasu gashi, wasu aka sa musu ido kawai ana gwaji a kai a kai. Da aka fitar da sakamakon shekara 15 a 2023, kimanin 97 cikin 100 ciwon bai kashe su ba, kuma kusan haka abin yake a duka gidajen uku. Bambancin da aka gani shi ne yaɗuwa: wajen 9 cikin 100 a masu sa ido, wajen 5 a sauran. Wani lokaci da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma sa ido aiki ne, ba mantuwa ba: gwajin jini duk bayan 'yan watanni, hoto, sake tsinkar nama in lamba ta motsa, da shirin tashi tsaye ranar da abin ya sauya hali. Mahaifin da ya gano wani take-take a wurin ɗansa yana da irin waɗannan hanyoyi a gabansa, kuma mafi wuyarsu ita ce ta uku, don duka da kora sun fi sauƙi, kawar da kai ma ya fi sauƙi.

Sai dai kada a ɗauki wannan sakamako a yi matashi da shi. Mazan binciken kusan dukkansu Turawa ne, kuma gwajin jini ne ya gano nasu tun yana ƙarami. Baƙar fata ya fi shiga haɗari: a Birtaniya ana ƙiyasta namiji 1 cikin 8 zai gamu da ciwon a rayuwarsa, amma a baƙaƙe 1 cikin 4 ne, a Amurka kuma baƙaƙe sun ninka farare wajen mutuwa da shi. A duniya, ƙiyasin hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna sababbin masu ciwon kusan miliyan 1.5, waɗanda suka rasu kusan 400,000. A Nijeriya shi ne dajin da ya fi kama maza: kimanin 18,000 a 2022, mamata sama da 11,000. A dubi kusancin lambobin biyu. A Amurka wanda aka gano nasa bai fita daga ƙullutun ba kusan tabbas ne zai wuce shekara 5, wanda nasa ya yi nisa kuwa kimanin 1 cikin 3 ne. A Nijeriya kuwa yawanci a mataki na biyun ake isa asibiti. Cibiyoyin gashi ma 'yan ƙalilan ne, irin na Zariya da Sakkwato da Gombe da Abuja, Nijar kuwa sai a 2021 ta buɗe tata ta farko a Yamai.

Ko wanda nasa ya kai ƙashi ba a rasa abin yi masa, kuma asalin maganin abu ne da kowane makiyayi zai gane. Wanda ya san bambancin bunsuru da taure ya san cewa maraina ke riƙe da wasu gaɓoɓi, in an cire su gaɓoɓin sai su lafa. Tun ƙarni na 18 likitan Birtaniya John Hunter ya lura cewa furostet na dabbar da aka dandaƙe yakan ƙanƙance. Charles Huggins na Jami'ar Chicago ya bi wannan sawu, ya fara da karnuka, waɗanda suke cikin 'yan dabbobin da ke kamuwa da ciwon kamar mutum. A 1941 shi da Clarence Hodges suka nuna cewa in aka yanke wa dajin sinadarin mazantaka, wato testosteron, sai ya ja da baya, ciwon ƙashi ya lafa, wanda ya kwanta ya tashi. Wannan ya ba Huggins kyautar Nobel a 1966. Har yau a kan wannan ake tafiya, ko da allurar wata-wata ko ta wata uku-uku, ko da ɗan ƙaramin aiki a maraina, wanda ya fi araha kuma sau ɗaya ake yinsa. Ba warkewa ba ce, don bayan wani lokaci dajin yakan koyi girma ba tare da sinadarin ba, sai a koma wasu magunguna. Amma takan sayi shekaru.

Sinadarin da ya fasa wa yaro murya, ya fito masa da gemu, ya faɗaɗa masa kafaɗa, shi ne dai abincin wannan ciwo. A nan maza da yawa ke ja da baya a karo na biyu. Sha'awa za ta tafi, jiki ya riƙa ɗaukar zafi yana zufa, ƙashi ya yi rauni, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mai mata biyu ya zaɓa. Wasu sukan bar asibiti su koma wurin mai lasifika a bakin tasha, wanda ke da kwalba guda mai wanke dattin mara, ta kashe basir, ta ƙara ƙarfin maza. Abin da mutum ke taƙama da shi yakan zama shi ke ciyar da abin da ke cinsa. Mai ƙarfin zuciya taurin kai ke kayar da shi, mai kyauta almubazzaranci, mai kunya kuwa ɓoye abin da ya kamata a faɗa.

Ɓoyewar ma ba ta talaka kaɗai ba ce. François Mitterrand ya hau mulkin Faransa a 1981 da alkawarin zai riƙa sanar da jama'a halin lafiyarsa. A ƙarshen wannan shekarar aka gano masa dajin furostet da ya riga ya kai ƙashi, aka rufe maganar har 1992, ya rasu a Janairun 1996. A 1997 ciwon ya kashe Mobutu Sese Seko a Rabat ta Maroko yana da shekara 66. A wannan shekarar ce kuma aka gano shi a jikin Desmond Tutu na Afirka ta Kudu, wanda ya fito ya faɗa, ya yi magani, ya ƙara shekara 24 a duniya, ya rasu a 2021 yana da 90. An yi wa Nelson Mandela gashi a 2001, ya kai 2013. Wole Soyinka ya tara 'yan jarida a Abeokuta a 2014 ya gaya musu da bakinsa cewa ya yi ciwon kuma an yi masa magani.

Gaskiya ne ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma ba kowa ke da haƙƙin sanin ciwon wani ba. Amma akwai waɗanda suke da shi. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi dajin furostet haɗarinsa ya ninka na sauran maza wajen sau biyu, in sun fi ɗaya a gidan ya ƙara hawa. Wani gadon ma ta wajen mata yake bayyana: matsalar ƙwayar gado da ake kira BRCA2 takan fito a matsayin dajin mama a jikin uwa ko 'yar'uwa, ta fito a matsayin dajin furostet mai zafi a jikin namiji. Shi ya sa ƙungiyar yaƙi da daji ta Amurka ke ba da shawarar a fara maganar gwaji da likita a shekara 50, baƙar fata da mai tarihin ciwon a gida su fara a 45, wanda kuwa 'yan'uwansa na kusa fiye da ɗaya suka kamu da wuri ya fara a 40.

Sanarwar rasuwa a wurinmu takan ce marigayi ya rasu bayan fama da doguwar jinya, ya bar mata da 'ya'ya da jikoki. Sunan ciwon yakan tsaya tsakanin likita da babban ɗa, wani lokaci ko babban ɗan bai sani ba, don Baba ya ce kada a faɗa. Bayan shekaru ɗaya daga cikin 'ya'yan zai zauna a gaban likita, a tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a gidansu. Zai yi tunani ya ce a'a, mahaifinsu dai ciwon baya ya yi, daga baya ƙafafunsa suka mutu. Likita ya rubuta babu, ya sa shi a layin waɗanda ba su da gadon ciwon.